Tambayoyi da Amsoshi kan Ɗaukar Hoton HDR da Gyaransa ga Masu Sha'awar Hoto

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu ɗaukar hoto don sha'awa, musamman waɗanda suka sayi kyamara, suka fara gane maɓallanta, sannan suka lura cewa hotunansu na faɗuwar rana da na cikin ɗaki ba sa kama da abin da idanunsu suka gani.

Mene ne hoton HDR, kuma wace matsala yake magancewa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a cikin zaure da tsakar rana yana ƙoƙarin ɗaukar hoton cikinsa tare da titin da ake hangowa ta ƙofa ya san wannan matsala. Idan cikin zauren ya fito sosai, ƙofar takan zama fari fat babu komai a cikinta. Idan kuma titin ne ya fito, zauren yakan koma baƙi ƙirin. Ido ba ya shan wannan wahala, domin yana daidaita kansa nan take a duk inda ya kalla, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa abin da ya gani wuri guda. Sensar kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa dukan wurin a lokaci guda, kuma tazarar da take iya riƙewa tsakanin mafi haske da mafi duhu tana da iyaka.

Hanyar HDR (High Dynamic Range, wato faffaɗar tazara tsakanin haske da duhu) ita ce a ɗauki wuri ɗaya sau da yawa, kowane hoto da awon haske daban, wani mai duhu domin kama sararin sama, wani mai haske domin kama abin da ke cikin inuwa, sannan a haɗa su a kwamfuta su zama fayil guda wanda ya ƙunshi bayanan hasken wurin baki ɗaya.

Yaya ake auna wannan tazara?

Ana auna ta da mataki, wanda kyamarori suke rubutawa da haruffan EV. Kowane mataki ɗaya ninkin haske ne sau biyu, saboda haka matakai 10 suna nufin wuri mafi haske ya ninka mafi duhu sau 1,024. Hasken rana tsaka a fili yana kaiwa kimanin lux 100,000 (lux ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri ne), alhali ɗaki mai ƙaramar taga yana iya kasancewa a kan lux 100 ko ƙasa da haka, wato tazarar matakai 10 ke nan tun kafin a yi lissafin farin bango da ke waje da baƙin kwano da ke lungu. Kyamarorin zamani masu babbar sensa suna riƙe matakai 12 zuwa 15 a mafi ƙanƙantar ISO, wato lambar da ke nuna yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da sensa ta kama, amma matakan ƙarshe na ɓangaren duhu cike suke da tsaki-tsaki, don haka abin da ake amfana da shi a zahiri bai kai haka ba. Takardar da ake buga hoto kuwa ba ta wuce matakai 6 zuwa 7. Wannan shi ya sa aikin ya kasu gida biyu: tara hasken, sannan matse shi ya shiga abin da allo ko takarda za su iya nunawa.

Shin sabuwar dabara ce da ta zo da kwamfuta?

A'a. Tun a shekarun 1850 wani mai ɗaukar hoto Bafaranshe, Gustave Le Gray, yakan ɗauki teku da awo ɗaya, ya ɗauki sararin sama da wani awon, sannan ya haɗa su a takarda guda wajen wanki. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne lissafi. A shekarar 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar da hanyar gano ainihin ƙarfin hasken wuri daga jerin hotuna masu awo daban-daban. Manhajar Photoshop ta samu sashen haɗa irin waɗannan hotuna a 2005, Lightroom kuma a 2015, yayin da kamfanin Apple ya sanya shi a wayar iPhone a 2010.

A wane lokaci ake buƙatar HDR, kuma yaushe ba a buƙatarsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, domin mafi yawan hotunan HDR da ba su yi kyau ba an ɗauke su ne a wuraren da hoto ɗaya ya isa. Hukuncin yana hannun jadawalin haske da kyamara ke nunawa bayan an ɗauki hoto, wanda gefensa na hagu duhu ne, na dama kuma haske. Idan tudun jadawalin ya zauna a tsakiya bai manne da kowane gefe ba, sensa ta riƙe komai, babu dalilin ƙara wani hoto. Idan kuwa ya manne da gefen dama da na hagu a lokaci guda, ta yadda duk gyaran da aka yi wa ɗaya sai ya ɓata ɗayan, to wurin ya fi ƙarfin hoto ɗaya.

Wuraren da hakan ke faruwa sanannu ne: cikin gini mai tagogi, kamar ɗakunan Gidan Makama a Kano inda hasken waje ke faɗowa kan bangon ƙasa mai duhu, faɗuwar rana daga kan Dala inda sama ke ci da haske gari kuma ya shiga inuwa, hasumiyar masallacin Agadez idan rana tana bayanta, da titunan birni da dare inda fitilu ke kusa da lunguna masu duhu. A ranar da hadari ya lulluɓe sama kuwa, ko a cikin inuwa mai faɗi, ko lokacin da rana ke bayan mai ɗaukar hoton, fayil ɗaya na RAW, wato ɗanyen bayanin da sensa ta kama ba tare da gyara ba, ya wadatar. Haka nan akwai hoton da kyansa yana cikin baƙin inuwarsa, kamar surar raƙumi a gaban jan sararin magariba, kuma buɗe wannan inuwa rage wa hoton daraja ne.

Waɗanne kayan aiki nake buƙata?

Kyamarar da ke bari a saita awo da hannu kuma tana adana RAW, sai matsayi mai ƙafa uku wanda ba ya rawa. Mafi yawan kyamarori suna da tsarin da ake kira AEB, wanda ke ɗaukar jerin hotunan da kansa idan an danna maɓalli. Wasu ƙananan kyamarori ba su da shi, misali jerin Nikon D3000 zuwa D3500, kuma mai irin wannan sai ya riƙa juya awon da yatsa tsakanin hoto da hoto, a hankali, don kada kyamarar ta gusa.

Me ya sa ake nanata RAW?

Fayil ɗin JPEG yana da bit 8, wato matsayi 256 na haske ga kowane launi, kuma kyamara ta riga ta gyara shi ta zubar da sauran bayanai. RAW yana da bit 12 ko 14, wato matsayi 4,096 ko 16,384. Ana iya haɗa JPEG, amma za a buƙaci hotuna da yawa, kuma sararin sama yakan fito da layi-layi maimakon launi mai sulɓi.

Yaya ake ɗaukar jerin hotunan?

Da farko a kafa kyamara a kan ƙafafunta, a tsara hoton yadda ake so, a kashe tsarin hana rawa na gilashi idan littafin kyamarar ya ba da shawarar haka. A sa ISO a mafi ƙanƙanta, wanda galibi 100 ne. A zaɓi faɗin kafar haske guda, kamar f/8 ko f/11, a bar ta haka har a gama. Wannan ƙa'ida ba ta da sassauci: idan kafar ta sauya tsakanin hotuna, zurfin abin da ke fitowa tangaran zai sauya, manhaja kuma ba za ta iya haɗa su daidai ba. Abin da ake sauyawa shi ne saurin ƙyauren kyamara kaɗai, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga sensa. Don haka a yi aiki a tsarin M, inda ake saita komai da hannu, ko tsarin da ke barin kafar haske a tsaye, wanda Canon ke rubutawa Av, Nikon da Sony kuma A. A saita kaifin hoto sau ɗaya sannan a mayar da gilashin tsarin hannu, a kuma tsayar da awon farin launi a wuri guda maimakon barin kyamara tana zaɓa da kanta.

Daga nan sai a nemo iyakokin biyu. A ƙara saurin ƙyaure har sai wuri mafi haske da ake son ganin abin da ke cikinsa ya daina ƙyaftawa a allon kyamara (ƙyaftawar gargaɗi ce cewa wurin ya ƙone fari), a riƙe wannan lamba. Sannan a rage saurin har sai wuri mafi duhu ya taso daga gefen hagu na jadawali ya kusanci tsakiya, a riƙe wannan ma. Abin da ya rage shi ne cike tsakaninsu da tazarar matakai biyu-biyu. Idan tagar ɗaki ta buƙaci 1/500 na daƙiƙa, lungu kuma ya buƙaci rabin daƙiƙa, jerin zai kasance 1/500, 1/125, 1/30, 1/8 da 1/2, hotuna biyar ke nan. A yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 ko madannin nesa don kada yatsa ya girgiza kyamara, kuma a gama jerin da sauri kafin gajimare su gusa.

Hoton da ya fi duhu shi ne wanda ba a sakaci da shi, domin abin da ya ƙone ya zama fari babu manhajar da za ta dawo da shi. Sai dai ƙwayar rana kanta da kan fitila a bar su su ƙone, haka ido ma yake ganinsu. Kada kuma a kalli rana kai tsaye ta madubin leƙe na kyamara, musamman da dogon gilashi, domin hakan yana iya lalata ido.

Hotuna nawa suka isa? Na ga masu ɗaukar tara.

Ga mai RAW, uku masu awon -2, 0 da +2 sun isa yawancin filayen waje, biyar kuma sun isa cikin ɗaki mai taga. Ɗaukar tara da tazarar mataki ɗaya-ɗaya yana tsawaita lokacin da abubuwa za su motsa, yana cika katin ajiya, kuma da wuya a ga bambancinsa a hoton ƙarshe.

Zan iya yi da hannu idan babu mai ƙafa uku?

Ana iya yi da rana. A kunna AEB tare da ɗauka a jere, a jingina da bango, a manne gwiwar hannu da jiki, a danna sau ɗaya. Abin lura shi ne hoton da ya fi haske, domin shi ne mai jinkirin ƙyaure. Da gilashin milimita 50, kada wannan hoton ya yi ƙasa da 1/60, kuma idan ya yi, a ɗaga ISO zuwa 400. Manhaja za ta daidaita ɗan gocewar da aka samu, sai dai za ta yanke gefuna kaɗan, saboda haka a bar fili a kewayen abin da ake ɗauka.

Me ya sa mutane da ganyaye ke fitowa biyu-biyu kamar fatalwa?

Domin sun motsa tsakanin hoto na farko da na ƙarshe, manhaja kuma ta haɗa su daga wurare daban-daban. Kowace manhaja tana da sashen kawar da wannan, wanda ke zaɓar hoto ɗaya ya ɗauko wurin da aka samu motsi daga cikinsa. A fara da mafi ƙarancin ƙarfinsa, domin idan aka cika shi yakan ɗauko yanki mai faɗi daga hoto mai duhu, sai tsaki-tsaki ya bayyana a nan. Inda motsi shi ne jigon hoton, kamar hawan sallah ko kasuwa mai cunkoso, jerin hotuna ba shi da amfani. A can sai a ɗauki RAW ɗaya, a kare fararen rawuna daga ƙonewa, a ɗaga inuwa daga baya.

Da wace manhaja ake haɗawa?

Lightroom da Camera Raw suna haɗa hotunan su fitar da fayil ɗin DNG, wani nau'in RAW na kamfanin Adobe, wanda ake gyarawa kamar kowane RAW, har ma'aunin haskensa yana kaiwa matakai 10 sama da ƙasa maimakon 5 da aka saba. Wannan ita ce hanyar da nake ba sabon shiga shawarar bi, domin sakamakonta na farko ba shi da ƙyale-ƙyale. Photomatix na kamfanin HDRsoft ya daɗe a fagen kuma yana da iko sosai, sai dai wasu salon da aka shirya a cikinsa suna jan mutum zuwa wuce gona da iri. Wanda ba ya son biyan kuɗi yana da darktable, da Luminance HDR, da Enfuse da ke zuwa tare da Hugin. Enfuse yana bin wata hanya daban wadda Tom Mertens da abokan aikinsa suka bayyana a 2007: maimakon gina fayil mai faɗin haske sannan a matse shi, yana zaɓar wuraren da suka fi kyan awo daga kowane hoto ya cakuɗa su kai tsaye, kuma sakamakonsa yakan yi kama da abin da ido ya saba.

Me ya sa hotuna da yawa na HDR suke kama da zane mai datti, kuma yaya zan kauce wa haka?

Laifin yana wajen matse haske. Domin a shigar da matakai 15 cikin allon da ba ya ɗaukar haka, manhaja tana rage bambanci tsakanin manyan yankuna, kamar sama da ƙasa, tana kuma ƙara shi tsakanin ƙananan abubuwa da ke maƙwabtaka. Idan aka matsa wannan da yawa sai a ga alamomi uku: zoben haske a kewayen gini ko bishiya inda suka haɗu da sama, gajimare masu toka-toka kamar hayaƙi ya taɓa su, da launuka masu ƙarfin da babu irinsu a duniya.

Abin da nake riƙe da shi shi ne tsarin hasken wurin ya tsaya yadda yake. Abin da ya fi haske a wurin ya kasance shi ne mafi haske a hoto, abin da ke cikin inuwa kuma ya ci gaba da zama a inuwa, sai dai a iya ganin abin da ke cikinsa. Sararin magariba ya fi ƙasa haske, taga ta fi bangon ɗaki haske, kuma duk hoton da ya juya wannan ido zai ƙi shi ko da mai kallo bai san dalili ba.

A aikace, a fara da daidaita hasken tsakiya na hoton, sannan a sauke ɓangaren haske har sai gajimare sun bayyana, a ɗaga inuwa kaɗan-kaɗan a tsaya tun kafin ta yi daidai da wurin da rana ke bugawa. Bayan haka hoton zai yi lami, saboda haka a mayar masa da baƙi na gaskiya a wani lungu da fari na gaskiya a wani wuri. Ya fi kyau a gyara sama ita kaɗai da ƙasa ita kaɗai ta hanyar keɓe yanki, maimakon a ja ma'auni ɗaya ya shafi dukan hoton. A taƙaita ƙarin kaifi da ƙarin launi, a gyara jan layi da koren layi da gilashi ke haifarwa a gefen abubuwa tun kafin a ci gaba, domin matse haske yana ƙara fito da su. Daga ƙarshe a ƙanƙanta hoton a allo ya zama kamar girman akwatin ashana, domin a wannan girma zoben haske ya fi saurin bayyana. Yana da kyau kuma a bar hoton ya kwana a sake kallonsa da safe, saboda ido yana sabawa da wuce iyaka idan ya daɗe a kan allo.

Lokacin hunturu yana shafar wannan aiki?

Yana shafarsa ta fuska biyu. Hazo yana watsa hasken rana, yana tausasa inuwa, yana kuma rage tazarar haske, har a iya ɗaukar ƙwayar rana da gari a hoto ɗaya. Ƙura kuwa tana shiga kan sensa, kuma ɗigon da ba a lura da shi a hoto na yau da kullum yakan fito ɓaro-ɓaro a sararin sama bayan matse haske, musamman a f/11 zuwa sama. A riƙa sauya gilashi a cikin ɗaki ko mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa, a kuma hura sensa da roban hura iska, ba da baki ba.

Ya dace a yi wa hoton mutum HDR?

Da wuya ya dace. Matsalar da ake son magancewa gaskiya ce, domin mutum mai baƙar fata sanye da farar shadda a tsakar rana tazara ce mai faɗi ga kowace sensa. Amma matse haske yana fito da kowane ƙurji da tamoji, yana kuma mayar da fata toka-toka, wanda rashin adalci ne ga wanda aka ɗauka. Gyaran yana wurin ɗauka: a matsar da shi inuwa, ko a jira la'asar sakaliya, ko a haska fuskarsa da farin kwali ko ƙaramar walƙiyar kyamara.

Wayata tana da HDR. Daidai yake da wannan?

Tushensu ɗaya ne, amma waya ita ke yanke hukunci. Tsarin HDR+ da Google ya yi bayaninsa a 2014, alal misali, yana ɗaukar hotuna da yawa masu gajeren awo cikin ƙiftawar ido, ya daidaita su, ya haɗa su domin rage tsaki-tsaki, sannan ya ɗaga inuwa. Wannan yana rage matsalar motsi ƙwarai, kuma ga hoton yau da kullum ya wadatar. Abin da mai kyamara ya fi shi da shi shi ne girman sensa da ikon cewa ga inda inuwa za ta tsaya.

Mene ne bambancin wannan da allon HDR na talabijin da sababbin wayoyi?

Suna ɗaya ne a kan abubuwa biyu. Abin da aka bayyana a sama yana matse haske domin ya shiga allo na gargajiya, wanda aka tsara ma'auninsa a kan hasken nit 100 (nit ma'aunin hasken allo ne). Allon HDR kuwa yana iya kai wasu wurare nit 1,000 ko fiye, don haka maimakon a sauke hasken taga sai allon ya nuna shi da ƙarfinsa. Domin hoto ya yi aiki a allo iri biyu, ana saka masa wata taswirar ƙarin haske a cikin fayil, kamar tsarin Ultra HDR da ya zo da Android 14 a 2023. Allon da ya gane taswirar zai haskaka, wanda bai gane ba zai nuna hoton na yau da kullum. Wasu dandalin sada zumunta suna cire wannan taswira idan an ɗora hoto, saboda haka wajibi ne a tabbatar hoton na yau da kullum ya yi kyau shi kaɗai.

Shin haɗa hotuna ba yaudarar mai kallo ba ce?

Idan manufar ita ce nuna wurin yadda mai tsayuwa a can ya gan shi, ban ɗauke shi yaudara ba, domin baƙin zaure da farar ƙofa da hoto ɗaya ke bayarwa su ma ba haka wurin yake ba. Sai dai aikin jarida da gasannin hoto suna da dokokinsu, kuma da yawa daga cikinsu ba sa karɓar hoton da aka haɗa daga ɗauka fiye da ɗaya. A karanta dokar kafin a aika, kuma idan an tambaya a faɗi yadda aka yi hoton.

Waɗanne fayiloli zan adana bayan na gama?

RAW na kyamara mai megafiksel 24 yana kai kimanin megabayit 25 zuwa 30, don haka jeri biyar ya kusa megabayit 150 kafin a ƙara fayil ɗin da aka haɗa. Ga hotunan da suka yi kyau a adana RAW ɗin duka tare da DNG da aka haɗa, domin manhajoji suna inganta kuma ana iya sake haɗa su nan gaba, a ajiye kwafi a faifai na biyu. Jerin da ya yi rawa ko wanda tsarinsa bai gamsar ba a goge shi tun ranar. Domin gane inda kowane jeri ya fara a cikin ɗaruruwan hotuna, a ɗauki hoton tafin hannu a gaban gilashi kafin a soma sabon jeri.